Juyi na Goma Sha Ɗaya

Ku da kuke aiki a ɗakin buga takardu yanzu kuna cewa sana'armu ta da ba ta da wuya, wai zama ne kawai a inuwa da alƙalami. Ɗayanku ya faɗa mini haka ido da ido, yana goge man inji a hannunsa. Ban amsa masa a ranar ba, domin amsar tana da tsawo. Ga ta nan a jere.

Na fara da juyin littattafai, abin da kuke kira kwafi, a zauren Malam Sambo kusa da Ƙofar Atiku. Karatuna bai yi nisa ba. Na sauke Alƙur'ani, na karanta ƙananan littattafan fiƙihu biyu, shi ke nan. Abin da Allah ya ba ni hannu ne mai kyau. Duk da haka shekara guda Malam Sambo bai bar ni na rubuta ko harafi ɗaya a takarda ba. Aikina uku ne. Na farko, fiƙe alƙalami daga busasshen karan gamba, a tsaga bakinsa daidai yadda zai riƙe tawada ba ya zubarwa. Na biyu, haɗa tawada: a jiƙa bagaruwa, a sa kashin maƙera, a zuba ƙaro, a bar ta kwana bakwai, a tace a zuba cikin kurtu. Na uku, fitar da layi. Muna da kwali da aka ɗaure wa zare a jere, sai a ɗora takarda a kai a danna da tafin hannu, sawun zaren ya fito. Takardar kuwa fatake ke kawo ta daga arewa, wadda in ka ɗaga ta ga rana za ka ga alamar jinjirin wata guda uku. Wanda ya ɓata guda ɗaya, ranar ba ya cin tuwon gidan.

Abu na huɗu shi ne muƙabala, kuma shi ne sana'ar. Mutum biyu za su zauna, ɗaya yana karanta asali da ƙarfi, ɗaya yana bin juyin da yatsa. Wanda ya rubuta ba shi ke duba kansa ba, domin idonsa zai ga abin da ya yi niyyar rubutawa, ba abin da ya rubuta ba.

Da Nasara suka ci garin nan, mutane da yawa suka yi hijira gabas. Masu sayen littafi suna cikin waɗanda suka tafi. Malam Sambo ya rasu a damina ta biyu, ya bar ni da kayan aiki ba mai ba da aiki. Ina zuwa zango neman mai son a rubuta masa wasiƙa, sai na lura da abu guda: duk ayarin da ya sauka, kafin a kwance wa jakuna kaya mutane sun kewaye madugu. Wannan yana tambayar kuɗin gishiri a inda suka fito, wannan yana tambayar ko gulbi ya ƙetaru, mata tsofaffi kuma suna tsaye daga baya suna jiran a gama su tambayi 'ya'yansu da suka tafi. Madugu ya gaji, ya faɗa wa wannan abu kaza, ya faɗa wa wancan wani abu dabam.

A nan na kafa takardar labari. Kowace Alhamis take fita, kuma tsarinta bai taɓa sakewa ba. Da fari kuɗin gero, dawa, gishiri da goro. Sa'an nan halin hanyoyi. Sa'an nan ayarin da ya iso da wanda zai tashi. Daga ƙarshe labarin mutanen gabas, wanda aka gani da rai da wanda ya riga mu. A bayanta nakan sa 'yan baitocin wa'azi da na tsara da kaina, domin mai karantawa ya sami abin rerawa ya tara jama'a. Masu juyi huɗu na ɗauka, duk magidanta, da Malam Ɗahiru wanda ya girme ni, shi ke yi mana muƙabala.

Juyi goma sha ɗaya muke yi, kowanne da lambarsa a kusurwa da jar tawada. Shida na masu karanta wa jama'a ne a rumfunan kasuwa da ƙofofin gari. Uku na tafiya Wurno, Kware da Bodinga. Na goma na tafintan bariki ne, domin Bature ya san abin da muke rubutawa, kuma da wannan sharaɗi aka ƙyale mu. Na goma sha ɗaya na duk matafiyin da ya fara saye ne.

Doka ɗaya na kafa da kowa ya san ni da ita: ba na rubuta mutuwar mutum sai da shaida biyu. Saboda wannan doka takardata ta yi daraja har alƙalai suna tambayar abin da ta ce.

Wata Laraba da la'asar Madugu Garba ya shigo shagona da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya ajiye gafaka a kan tabarma, jakar fata irin wadda ake sa Alƙur'ani. Na gane ta tun bai yi magana ba. Ta Abdu Baduku ce, maƙwabcinmu na unguwa, wanda ya tafi gabas ya bar uwarsa da matarsa A'i da 'ya'ya biyu. Da hannunsa ya ɗinka ta, da koren ado a baki irin wanda ba mai yi sai shi.

Madugu ya ce, “Malam Haliru, ka rubuta Abdu ya cika.”

Na ce, “Ka ga gawa?”

“Ban ga gawa ba. Can bayan Barno munka baro shi kwance, ko ruwa ba ya riƙewa. Da munka juyo, sai ga wagga a kasuwar garin ana talla. Na saye ta don uwa tai. Malam, kai ka san Abdu. Shina da rai shi rabu da wagga?”

“Wa ke tare da kai da ya gan shi kwance?”

“Sun watse tun Katsina. Ni ɗai na iso.”

Malam Ɗahiru ya ɗago kai ya ce, “Shaida guda ke nan.”

Na ɗauki gafakar na juya ta. Na ce, “Ga ta biyu.”

Ya ce, “Gafaka ba ta rantsuwa, Haliru.”

Na ce masa wannan ta fi rantsuwa. A garin nan kowa ya san in kayan mutum na kusa da jikinsa suka dawo gida ba shi, magana ta ƙare. Rana tana faɗuwa, masu juyi suna zaune da alƙaluma a hannu suna jiran layin ƙarshe. Na faɗa musu suka rubuta. Aka yi muƙabala, ba a sami kuskure ko ɗaya ba. Washegari aka karanta a wurare shida na cikin gari.

Abin da ya biyo baya ya bi tsarinsa. Aka yi zaman makoki. Dangi suka je gaban alƙali, a lokacin Madugu Garba ya riga ya tashi da ayarin goro. Alƙali ya tambayi shaidu, aka miƙa masa takardata. Ya ce, “Ta Malam Haliru ba ta fita sai da shaida biyu.” Ya karɓa. A'i ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Da ta fita, Alu mai hatsi, dattijo mai rufin asiri da matarsa ta rasu, ya aika neman ta, ya ce zai riƙe 'ya'yan. Ta yarda. Aka sa Juma'a.

Ranar Litinin kafin Juma'ar, da hantsi, uwar Abdu ta shigo shagon. Inno muke ce mata duk unguwa. Ta jira mai sayen takarda ya fita, ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar takarda da aka naɗe kamar laya.

Ta ce, “Wani baƙo yab ba ni a bakin rijiya, bai ko tsaya ba. Ɗana, duba min mi ac ciki.”

Na warware. Hannun Abdu ne, na san shi, domin tare muka yi allo. Ya sa watan da ya rubuta, wata biyu bayan ranar da Madugu ya baro shi. Ya ce ya yi ciwo ya tashi. Ya ce ya sayar da gafakarsa ya sayi jaki, ya naɗe Alƙur'aninsa a rawani. Ya gai da uwarsa, ya gai da A'i. Sa'an nan layi biyu na ƙarshe: in ya sauke farali zai dawo ya kwashe su, domin ƙasar da Nasara ke mulki ba wurin zaman Musulmi ba ce, a gaya wa 'yan'uwa su shirya. Ƙarƙashin wannan ya sa sunansa.

Dole ku san halin lokacin. Ba a daɗe da yin wata tarzoma a ƙasar nan ba, kuma an yi shela cewa duk wasiƙar da ta zo daga gabas a kai ta bariki ba a buɗe ba. Wanda aka samu yana riƙe da mai kiran mutane hijira, ana lissafa shi cikin masu tayar da fitina. Na san mutum biyu da aka tafi da su a kan abin da bai kai wannan ba, ɗaya bai dawo ba.

Na karanta wa Inno har gaisuwa, na tsaya. Ta riƙe ƙofar shagon da hannu.

“Shina da rai?”

“Shina da rai, Inno.”

“To Juma'a fa?”

Na ce ta tafi gida, kada ta gaya wa kowa wanda ya kawo, kada ta ce ta taɓa ganin takardar. Na ce daga yau a shagona aka same ta.

Talata muka wuni a kanta ni da Malam Ɗahiru, mun sallami masu juyi. Ya kawo hanya uku, na ƙi su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, mu yanke layi biyun da wuƙa. Na nuna masa sunan Abdu yana ƙarƙashinsu, in an yanke su an yanke shi, ta zama takardar kowa. Ta biyu, in juya ta in tsallake layukan. Na ce alƙali hannun Abdu zai nema, ba nawa ba, kuma hannuna ne ya jawo wannan duka. Ta uku, mu je wurin Alu a asirce ya janye da kansa.

Wannan na gwada. Na same shi a rumfarsa yana auna gero. Da na gama magana ya ajiye mudu.

“Malam, kai kac ce ya mutu. Gari duka sun jiya. Yanzu kai kac ce ya tashi. Ina shaida?”

“Akwai wasiƙa.”

“Mu gani.”

“Ba ta ganuwa a kasuwa.”

Ya yi dariya ba ta daɗi ba. “Na kai goro, na gyara ɗaki, na gayyaci mutane har daga Kware. In janye in ce musu mi? In ce Malam Haliru ya yi mahwalki? Ni ban son matar wani, Allah shi tsare. Amma alƙali yah halatta min, alƙali ka hana ni. Kai ta can.”

Gaskiya ya faɗa. Na koma shago na kira masu juyi, muka rubuta takardar Alhamis, na sa gyaran a layin farko, sama da kuɗin gero, abin da ban taɓa yi ba: Abdu Baduku da muka ce ya rasu yana da rai, kuskuren na Haliru ne. Juyi goma sha ɗaya. Muka jera su a kan tabarma su bushe.

Laraba da safe na je zauren alƙali. Ɗahiru ya raka ni har ƙofa, ya ce, “Ka ci abinci?” Na ce na ci. Ya ce, “Ƙara, ba ka san inda za ka kwana ba.”

Zauren cike yake da masu ƙara. Na jira aka zo kaina, na miƙa wasiƙar. Alƙali ya karanta a ransa har ya kai ƙasa, na ga idonsa ya tsaya. Ya dube ni.

“Ka san abin da ke cikin wagga?”

“Na sani, Allah shi gafarta Malam.”

“Ka san in ta shiga hannuna ba ta tsayawa nan?”

“Na sani.”

“Shaidunka biyu na wancan karo, su wa da wa?”

“Madugu Garba da gafaka.”

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, muhuti, mataimakin alƙali, ya tsawata masa. Alƙali bai yi dariya ba. Ya aika aka kira badukai biyu da suka san hannun Abdu, suka duba suka shaida. Ya aika aka kira wan A'i da Alu. A'i ta zo da lulluɓi ta tsaya bayan ƙofar zaure. Alƙali ya ce aure bai ɗauruwa, matar tana da miji.

Daga bayan ƙofa ta ce, “Allah shi gafarta Malam, in yi magana da mai takarda?”

Ya ce ta yi.

“Malam Haliru, da takardarka na yi takaba. Da takardarka na fasa aure. Ta ukku mi za ta ce?”

Na ce ba za a yi ta uku ba. Ta ce, “Mu gani,” ta tafi.

Alhamis da sassafe, kafin masu karantawa su zo karɓar nasu, dogarai suka iso da ɗan sandan bariki. Suka kwashe kurtu, alƙaluma, kwalin layi, takardar da ba a rubuta ba, da juyi goma sha ɗayan nan da ke kan tabarma. Ko ɗaya bai fita ba.

Bature yana zaune a kan kujera, tafinta a tsaye. Tambaya uku ya yi. Wa ya kawo wasiƙar? Na ce a shagona ta same ni. Wa ya kawo ta shagon? Na ce ban riƙe fuskar baƙon da ya shigo da ita gari ba, domin ban gan shi ba, kuma wannan gaskiya ne. Wa na karanta wa layi biyun ƙarshe? Na ce ba kowa, kuma wannan ma gaskiya ne. Ya daɗe yana juya takardar. Ya ce ta bakin tafinta, mai son tayar da fitina ba ya kai wasiƙarsa gaban alƙali da rana, amma doka doka ce. Wata huɗu a gidan yari, takardar labari kuma an hana ta.

Da Ɗahiru ya kawo mini fura a can, ya ce, “Da sun ƙara maka kwana goma, da ka rama wa A'i takabarta.”

Wannan ita ce mummunar shekarata. Masu juyi suka watse, biyu suka koma noma. Da na fito na zauna a ƙofar zauren alƙali ina rubuta wa mutane ƙara da aron kurtu. Amma kafin wannan na yi aiki guda. Na bi tsohon juyin nan mai labarin mutuwar da lambarsa. Shida na cikin gari na same su, na rubuta gyara a gefe da jar tawada. Na taka zuwa Kware, na wuce Wurno, na dawo na nufi Bodinga. Na goma, tafinta ya fito mini da shi ta bayan ofis na gyara a tsaye. Na goma sha ɗaya wani Babarbare mai kanwa ne ya saya, ya yi gabas da shi tun ranar da ya fita. Na tambaya a zango har aka gaji da ni.

Bayan shekara uku aka bar ni na sake fitar da takarda, ban da labarin gabas. A'i tana gidan Inno tana kaɗi tana saƙa, da kuɗin zare take ciyar da 'ya'yanta. Alƙali ya aika mata sau biyu cewa shari'a ta ba ta damar neman rabuwa saboda daɗewar miji. Ta ce ya rubuta zai dawo. Inno ta rasu a shekara ta biyar.

A shekara ta bakwai, wata Laraba muna cikin muƙabala, wani mutum mai furfura a gemu ya yi sallama ya zauna bakin tabarma ba a ce ya zauna ba. Sai da ya yi magana na gane shi.

“Haliru, aiki na kawo maka.”

Ya fito da takarda daga aljihu, ta yi laushi don naɗewa. Takardata ce, amma ba hannun kowa a shagona ba. Wani ya juya ta daga juyin wani, a wani gari da ban taɓa jin sunansa ba. Ga kuɗin gero, ga halin gulbi, ga baitocina a baya, ga sunana a ƙasa. Har lambar goma sha ɗaya ya sa a kusurwa da jar tawada.

Abdu ya ce, “A zangon Hausawa anka karanta ta, ina zaune cikin jama'a, kan hanyata ta komowa. Na ƙirga watanni, na ce ta gama takaba, ta yi aure, wataƙila har da goyo. Kowa ya san takardarka ba ta ƙarya. In taho in rushe gidan wani? Na zauna can ina ɗinkin takalma. Bara wani Basakkwace yag gan ni yac ce, kai, matarka na can tana jiranka.”

Na ce masa na gyara goma.

Ya ce, “Wagga ta iso gare ni. Gyara ta.”

Na jawo jar tawada. Ɗahiru, wanda a lokacin sai ya kai takarda bakin hancinsa yake gani, ya riƙe mini hannu. Ya ce, “Shaida biyu.” Ya matso ya dubi Abdu da kyau, ya ce, “Ni na gan shi.” Ya kira mai juyi na kusa, shi ma ya ce ya gani. Sa'an nan na rubuta.

Abdu ya bar mini takardar, tana cikin akwatina. Wanda ya ce sana'ar nan zama ce a inuwa, ya zo in nuna masa, kafin ya koma ga injinsa mai fitar da dubu kafin azahar. Na yi mata muƙabala da asalin da ke hannuna, layi bayan layi. Mutumin da ya juya ta hannunsa ya fi nawa kyau, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba.